Yadda Ake Raba Sayayyar Wata Tsakanin Shagon Rangwame da Babban Kanti a Katsina

Magidancin da ke jiran albashi a Katsina ya san cewa sayayyar da ya yi a kwana ukun farko ita ke riƙe gidan har wata ya mutu. In an yi ta da lissafi, ana kai ƙarshen wata ba a aiki yaro shagon bakin layi da saƙon "wai in ji Baba a rubuta" ba. In an yi ta da ka, tun ran ashirin ake fara kame-kame. Abin ya ƙara tsanani tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a daidai lokacin da ake ta ja-in-ja kafin a tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Hatsi ya sauko daga baya, alhamdu lillahi, amma madara da sabulu da kayan shayi ba su bi shi da irin wannan saurin ba.

Shi ya sa ko'ina ka zauna sai ka ji ana gardamar inda ya fi araha. Wasu sun rantse da shagunan da ke sayarwa a farashin sari, wasu kuma ba sa son komai sai manyan kantunan zamani masu sanyi da keken zuba kaya. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne babu wurin da ya fi araha a komai. Kowannensu akwai kayan da ya kamata ka saya a wurinsa, akwai kuma waɗanda in ka saya a can ka cuci aljihunka. Aikinka shi ne ka gane wanne ne wanne, kuma ba a gane wannan sai da alƙalami.

Kafin a fara: daga ina rahusar take fitowa?

Ɗan kasuwa ba ya buɗe shago don ya faɗi. In ka ga wani kullum yana sayarwa ƙasa da maƙwabcinsa, to akwai wata ɗawainiya da ya sauke daga wuyansa. Waɗanda suka yi suna da wannan dabara a duniya wasu Jamusawa ne wa da ƙane, Karl da Theo Albrecht, da suka karɓi ɗan shagon mahaifiyarsu a garin Essen bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka gina abin da yau ake kira Aldi. Lidl ya biyo sahu, ya buɗe kantinsa na rangwame na farko a 1973. Tsarin nasu a fili yake. Babban kanti a Turai ko Amurka yakan ajiye kaya iri 30,000 ko fiye, Aldi kuwa da kyar yake kai iri 2,000. Maimakon taliya iri goma, iri ɗaya ko biyu za ka tarar, amma suna saye da yawan da dole kamfani ya sauke musu farashi. Mafi yawan kayan ma da sunayen kantin aka yi su, ba na shahararrun kamfanoni ba, don haka babu kuɗin talla a kansu. Ana jera kaya a cikin katan ɗinsu, ma'aikata kaɗan ne, kai za ka zo da jakarka ka zuba kayanka da hannunka. Keken ma a wurare da yawa sai ka sa tsaba kafin ka zare shi, in ka mayar ka karɓi abinka, don kada a ɗauki ma'aikacin tattara kekuna. Da haka suka shiga Ingila, Aldi a 1990, Lidl a 1994, har a 2022 Aldi ya ture babban kantin Morrisons ya zama na huɗu a girma a ƙasar.

Aldi da Lidl ba su da reshe a Najeriya. Amma wanda ya san layukan 'yan sari a Babbar Kasuwar Katsina, ko ya taɓa kutsawa Kasuwar Singa a Kano, ya san wannan tsari tun kafin ya ji sunansu: katan bisa katan har rufi, ba na'urar sanyaya wuri, yaran shago biyu ko uku, riba 'yar kaɗan a kan kowane katan amma kaya na fita ba tsayawa. Su ne kantunan rangwamenmu. Akwai kuma shagunan kan titi da suka ɗauki tsaka-tsaki, suna sayar da ɗai-ɗai a farashin da ya kusa na sari. Duk su nake nufi in na ce shagon rangwame.

Babban kanti nauyinsa daban ne. Ga hayar gini a kan titi mai tsada, ga wuta da man gas na janareta don firji da sanyi daga safe har dare, ga masu gadi da masu karɓar kuɗi da kwamfutoci. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, ninki uku da ɗoriya. Duk wannan yana cikin farashin gwangwanin madarar da ka ɗauka. Nauyin kuwa ba na wasa ba ne. Shoprite na Afirka ta Kudu, wanda ya shigo Legas a 2005 ya kuma buɗe reshe a rukunin kantunan Ado Bayero da ke Kano a 2014, ya sayar da harkarsa ta Najeriya ga 'yan kasuwar gida a 2021, reshen Kanon kuma aka rufe shi a farkon 2024. Abin da babban kanti ke ba ka bayan kayan shi ne zaɓi mai yawa, da farashi a rubuce, da rasit, da tsafta da kwanciyar hankali. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma bai kamata ka biya kuɗinsu a kan buhun shinkafa ba.

Mataki na ɗaya: a san abin da gidan ke ci

Wannan ba aikin maigida shi kaɗai ba ne, domin ba shi ke auna tukunya ba. Ku zauna da uwargida, in gidan mai mata biyu ne da duk wadda ke karɓar girki, a ware littafin rubutu guda irin na 'yan makaranta. A rubuta shinkafa tiya nawa ake ci a wata, taliya leda nawa, mai lita nawa, sukari, gishiri, magi, omo, sabulun wanka, ganyen shayi, har ashana. In ba a taɓa lura ba, a bar wata guda ana sa alama duk ranar da aka buɗe sabon abu. Abin da ake ci a zahiri za a rubuta, ba abin da ake sha'awar ci ba. Gidan da ke cin taliya leda takwas a wata ba shi da dalilin kinkimo katan biyu don kawai an ce ta yi sauƙi.

Mataki na biyu: a raba jerin gida uku

Kaso na farko kayan kamfani ne masu daɗewa, waɗanda duk inda ka saye su abu ɗaya ne: taliya, makaroni, indomi, sukari, fulawa, shinkafar buhu, man girki, magi, tumatirin leda, omo, sabulu. Ledar Golden Penny ita ce dai ledar Golden Penny ko a ƙarƙashin fanka ko a cikin sanyi. Waɗannan na shagon rangwame ne, kuma su ne ke cinye mafi yawan kuɗin wata.

Kaso na biyu amfanin gona ne: gero, dawa, masara, wake, shinkafa 'yar gida, gyaɗa, barkono, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kayan miya. Waɗannan ba na shagon rangwame ba ne, ba kuma na babban kanti ba. Na kasuwa ne. A jihar da ke da manyan kasuwanni irin na Charanchi da Dandume da Mai'aduwa, wanda ya sayi gero a ƙulle cikin leda mai hoto, kuɗin ledar da hoton ya biya. A cikin gari ma ga 'Yar Kutungu ga Babbar Kasuwa.

Kaso na uku ƙarami ne amma shi ya fi haɗari: kayan da jabunsu ya yi yawa, da waɗanda ke buƙatar sanyi ba yankewa. Madarar jarirai, man goge baki, man shafawa, famfas, bota, yogot, daskararren kifi. Nan ne babban kanti ke cin kuɗinsa da halas, domin galibi daga hannun wakilin kamfani yake saye, yana da sunan da yake tsoron ya ɓaci, kuma akwai rasit in magana ta taso. A kan irin waɗannan kaya ne Bahaushe ya ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Mataki na uku: zagayen jin farashi, da lissafin awo

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kai.

Ka ware rana guda ka fita ba da niyyar saye ba. Ka zaɓi kaya goma zuwa goma sha biyar da suka fi cin kuɗin gidanka, ka je shagunan rangwame biyu da babban kanti ɗaya ko biyu. A gaban kowane kaya ka rubuta abu biyu: farashi da nauyi. Nauyin shi mutane ke mantawa, kuma ta nan ake shan su. Tun da kaya suka yi tsada kamfanoni da yawa suka koma rage abin da ke cikin leda suna barin girman ledar yadda ido ya saba gani. Haka kuma kamfani ɗaya yakan yi abu ɗaya a girma uku ko huɗu masu kama da juna, wani shago ya ɗauki wannan, wani ya ɗauki wancan.

Lissafin ba wuya, kalkuletan waya ya isa. Ka raba farashi da yawan giram ɗin da aka rubuta a jikin ledar, ka ninka da 1,000, ya ba ka farashin kilo. Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai, kai za ka sa na ranar da ka fita. A ce omo a shagon rangwame naira 2,200 ne, a babban kanti kuma 2,300. Da ji ka ce shagon rangwame ya yi nasara. Sai ka juya ledar ka ga na farko giram 800 ne, na biyu giram 850. Na farko kilo ya kama naira 2,750, na biyu ya kama wajen 2,706. Ashe wanda ka ɗauka mai tsada shi ne mai sauƙin.

Juya misalin kuma. Katan ɗin taliya leda 20 ne, kowace giram 500. A ce katan a wurin ɗan sari naira 17,000 ne, kowace leda ta kama 850 ke nan. In babban kanti na sayar da leda ɗaya 1,000, a kan katan guda ka tsira da naira 3,000. Ka haɗa irin wannan a kan kaya shida ko bakwai, za ka ga kuɗin da ya isa kayan miyan mako.

Da mai, lita za ka bi maimakon giram. Jarka babba lita 25 ce, kuma kusan kullum lita a cikinta ta fi ta kwalba sauƙi, sai dai ba kowane gida ke iya ɗaure kuɗin jarka a lokaci ɗaya ba, maganar da zan dawo kanta. Da madarar gari, ka kwatanta ta gwangwani da ta leda babba wadda ake juyewa a gwangwani. Madarar ɗaya ce, kuɗin ƙarfen ne bambancin. Kada kuma ka ɗauka cewa babba kullum ya fi ƙarami araha. Wani lokaci sinƙin ƙananan ledoji yakan fi babbar leda sauƙi in aka bi giram, domin a kan ƙananan ne kamfanoni ke gasar neman talaka.

Wurin da lissafin ke rikicewa shi ne tsakanin kilo da tiya. Kanti da kilo yake magana, kasuwa da tiya, tiya kuwa ba duka ɗaya ba ce: wata an bubbuge gindinta, wani mai awo ya cika ta tumbatsa, wani ya shafe baki. Maganin wannan shi ne gida ya mallaki tiyarsa guda wadda ba a canzawa. Ka cika ta da shinkafa ka kai wurin mai sikeli sau ɗaya, ka rubuta nauyin a bangon littafin. Galibi tana zagaye kilo biyu da rabi, shi ya sa ake lissafa babban buhun hatsi tiya 40, amma taka tiyar ita ce hujja. Duk buhun da ya shigo gida a auna shi da ita. In buhu mai kilo 50 ya saba ba ka tiya 20 sai wannan karon ya ba ka 18, ka san an taɓa shi, ka kuma san wurin wanda ba za ka koma ba. Tauye mudu laifi ne da Alƙur'ani ya ware wa sura guda, kuma mai saye ma yana da haƙƙin ya sa ido.

Mataki na huɗu: a sa kuɗin hanya a cikin farashi

Rahusar da za ka kashe kuɗin kurkura zuwa da dawowa, da na mai baro, da na ɗan dako kafin ka same ta, sai ka cire duk waɗannan tukuna ka ga abin da ya saura. In ragin bai kai ninki biyu na kuɗin hanya ba, bai cancanci wahalar ba. Wannan ya fi shafar masu cewa sai Kano. Tsakanin Katsina da Kano wajen kilomita 170 ne. Ga mai shago da zai ciko mota akwai riba, ga magidanci mai katan uku babu, sai in dama wata hidima ce ta kai shi. Haka mutumin Daura da ke tunanin shigowa Katsina don sayayya kawai, ya fara jin farashin 'yan sarin garinsu.

Mataki na biyar: a shagon rangwame

Ka je da hantsi, kafin rana ta take kuma kafin masu shagunan unguwa su cika wurin. Ka yi sallama ka gaisa sosai, domin a irin wannan wuri sanayya ma jari ce. Kada ka tambayi farashin ɗaya kawai. Ka ce, "Alhaji, nawa katan? Rabin katan fa? In dozin zan ɗauka yaya za ka bar mini?" Sau da yawa rabin katan farashin sari ake ba shi, ba sai ka ɗauki cikakke ba. Ribar ɗan sari a kan kayan kamfani siririya ce, don haka kada ka taya kamar kana cinikin rago. In ya ce "Albarka, Malam, ko ni ban same shi haka ba", yawanci gaskiyarsa ce. Inda ake samun ragi shi ne a jimla: bayan an haɗa kayan duka sai ka ce, "To Alhaji, a duba mini, kullum nan nake zuwa."

Sai dubawa, kuma nan ba a jin kunya. Shagon da ya sauke ɗawainiyar sanyi da yawan ma'aikata ya ɗora maka aikin sa ido.

Ka duba ranar da kayan za su daina aiki, a jikin katan da kuma a jikin leda ɗaya daga ciki, ka tabbata sun yi daidai. In ka ga wurin kwanan watan an goge ko an liƙa wata takarda a kai, ajiye shi. In farashin wani kaya ya faɗi ƙasa da na kowa da nisa, fara da duba wannan ranar, domin kayan da suka kusa lalacewa ne aka fi karyar da su. Ba laifi ba ne a sayi abin da ya rage wata biyu in gidanka zai cinye shi a wata guda, amma da saninka. Ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ka duba gindin katan ko akwai shatin ruwa ko cin ɓera. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ko ya lotsa ta wajen baki, ko kyauta ne kada ka karɓa. Sukari da fulawa ka danna buhun, in ya dunƙule ya sha danshi. A jikin mai da sukari da fulawa na kamfani akwai ɗan tambarin ido da ke nuna an ƙara sinadarin bitamin A kamar yadda doka ta tanada, ka neme shi. Jarkar mai ka duba murfin ko an taɓa ɓalle shi. Shinkafa kuwa ka kalli ɗinkin bakin buhun, domin sake buhu sananniyar sana'a ce, a zuba wata shinkafar a buhun wata. Ka nemi a zaro maka kaɗan ka gani a tafin hannu.

Za ka tarar da sunayen kamfanonin da ba ka sani ba, masu sauƙi fiye da waɗanda ka saba. Kada ka raina su, da yawansu ba abin da ya raba su da manyan sai talla. Amma guda ɗaya za ka saya ka kai gida a gwada. In uwargida ta ce taliyar ba ta caɓewa, omon yana kumfa, wata mai zuwa ka ɗauki katan. In ta ce a'a, maganar ta ƙare, ita ke aiki da shi.

Kafin ka biya ka tambaya: "In na buɗe na tarar da matsala, zan iya dawowa da shi?" A rubuta maka takardar kaya da farashinsu, ka ƙirga da idonka kafin a ɗora a baro.

Mataki na shida: a babban kanti

An tsara babban kanti ne don ka fita da abin da ba shi ya kawo ka ba. Wannan ba zargi ba ne, ilimin sana'ar ne a duk duniya. Kayan da kowa ke nema akan kai su can ciki don ka ratsa ta gaban sauran. Masu riba sosai ana jera su daidai ido, masu sauƙi a kantar ƙasa ko can sama. Alewa da cakulan suna bakin wurin biya, daidai tsayin yaro. Saboda haka ka shiga da jerinka a hannu, ka ɗauki kwando maimakon keke in kayan ba su da yawa, ka riƙa sunkuyawa kana duba ƙasa. Kada ka shiga da yunwa, musamman da la'asar a watan azumi, lokacin da komai ke yi wa ido kyau. In da hali a bar yara a gida, ko a yi yarjejeniya da su tun a ƙofa cewa abu ɗaya ne.

Garaɓasar babban kanti gaskiya ce wani lokaci. Sukan karya farashin wani sanannen kaya har ƙasa da na sari don su jawo mutane, da fatan za a haɗa da wasu. In littafinka ya nuna maka ragin na gaske ne, ka ɗauka ka yi gaba. Amma "sayi biyu a ba ka ɗaya" a kan abin da ba ya cikin jerinka ba ragi ba ne, kashe kuɗi ne.

Kayan firji su za ka ɗauka a ƙarshe, kuma daga nan sai gida. Ko a babban kanti ka duba su, domin wuta a garin nan kowa ya san halinta. Kifi ko kaza da ƙanƙara ta dunƙule a gefe ɗaya na ledar, ko aka ga jini ya daskare a ƙasanta, alama ce ta narke an sake daskarar da ita. Yogot da murfinsa ya kumbura ma haka.

Mataki na bakwai: wurin biya

Ka tsaya inda za ka ga fuskar kwamfutar lokacin da ake shigar da kayan. Yakan faru farashin da ke liƙe a kanta ya bambanta da wanda na'ura ta kawo, sau da yawa don an canza ɗaya an manta ɗayan. Abin ba ƙarami ba ne a wurin hukuma: a Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci a kan wannan. In ka gani ka yi magana cikin mutunci, "Malama, a kanta kaza aka rubuta, a duba mini." Ka karanta rasit kafin ka fita ƙofa, ka ga ko an shigar da abu sau biyu. Harajin VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kuma kayan abinci na yau da kullum ba sa cikinsa. In da tiransifa za ka biya a shagon rangwame, ka tambaya tun farko ko akwai ƙarin caji, ka kuma jira mai shago ya ga shigar kuɗin kafin a ɗauki kaya, don kauce wa jayayya. Rasit da takardar ɗan sari duka a liƙa su cikin littafin gida.

Mataki na takwas: in kuɗin bai kai katan ba

Babbar matsalar sayen sari ita ce sai mai kuɗi ke samun rahusarsa, mai ƙaramin ƙarfi kuma yana sayen ƙulli-ƙulli a farashi mafi tsada. Wannan abu yana damuna, kuma maganinsa yana hannunmu tun da daɗewa. Yadda ake watanda da sallah a haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama, haka gida uku ko huɗu za su haɗa su sayi buhun sukari, jarkar mai, katan ɗin taliya da na sabulu. Malaman makaranta ɗaya, ma'aikatan ofis ɗaya, matan layi ɗaya, duk suna iyawa. Sharaɗin shi ne a zaɓi mutum ɗaya amintacce mai saye, a raba da tiya ɗaya da kwalba ɗaya a gaban kowa a ranar da kayan suka iso, kuɗin mota ma a raba shi. Kada a shigar da bashi a ciki, shi ke kashe irin wannan haɗaka.

Abin da aka saya da yawa sai an iya ajiye shi, in ba haka ba ribar ta tafi ga ƙwari. Buhu a ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Mai a nisanta shi da rana. Wake da masara a zuba su a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko a jarka busasshiya a toshe bakin sosai, rashin iska ke kashe ƙwarin ba tare da magani ba. Don Allah kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a abincin da za a ci. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da wake daga Najeriya a 2015, mu kuwa 'ya'yanmu ne ke ci. Akwai kuma abin da kowace uwargida ta sani: in kaya suka yi yawa a ɗaki hannu yakan saki. A fitar da na mako a rufe sauran.

Mataki na tara: lokaci, da mai shagon unguwa

Hatsi da kaka ake saye, daga Oktoba zuwa Disamba, gwargwadon abin da gida zai ci. Ban ce a tara don jiran tsada ba, waɗanda suka yi haka da fatan riba sun ga yadda farashi ya juya musu a 2025. Sukari da gero da mai da madara a saye su makonni kafin azumi, kafin kowa ya taso. Kayan kamfani kuwa, in albashi ya ba da dama, tsakiyar wata ya fi ƙarshensa sakewa a shago.

Mai shagon bakin layi ya fi kowa tsada in aka bi lissafin giram, wannan gaskiya ne. Amma shi ke buɗewa bayan sallar isha'i in gishiri ya yanke, shi ke ba ka bashi ranar da albashi ya makara, abin da babban kanti ba zai taɓa yi ba. Kada ka yanke hulɗa da shi. Ka bar masa burodi da ƙwai da ƙananan abubuwan yau da gobe, ka kuma biya shi a kan lokaci.

Bayan wata uku ka sake fita zagayen jin farashi da kayan nan goma sha biyar, domin shagon da ya fi sauƙi a Muharram ba lalle ya riƙe matsayinsa zuwa Rajab ba. Duk kayan da littafin ya nuna sun sauya wuri, ka mayar da su kason da ya dace kafin albashi na gaba ya shigo.